Daga takardar haihuwa zuwa akwatin ƙuri'a: yadda wani gari a kudancin Damagaram ya shiga zaɓen 'yan majalisa na 2020

Garin da zaɓen

Garin yana kudancin jihar Damagaram ta Nijar, cikin ƙasar hatsi da wake da gyaɗa, kusa da iyakar Najeriya. Yana da makarantar boko ɗaya da masallacin Juma'a, kuma ƙauyuka biyu na manoma da rugar Fulani ɗaya suna ƙarƙashin maigarinsa. Daga garin zuwa ma'aikatar magajin gari kilomita 23 ne a kan rairayi. Ƙauyen da ya fi nisa yana kilomita 7 daga makaranta, inda aka saba kafa rumfunan zaɓe. An sakaya sunan garin da na mutanensa.

Zaɓen da ake magana a kansa shi ne na 'yan majalisar dokoki, ranar Lahadi 27 ga Disamba 2020, wanda aka haɗa da zagayen farko na zaɓen shugaban ƙasa. Wanda ya saba da tsarin Najeriya, inda kowace jiha take da majalisar dokokinta kuma kowace mazaɓa take fitar da mutum ɗaya, zai iya ruɗewa a nan. A ƙarƙashin kundin tsarin mulki na 25 ga Nuwamba 2010, wanda ake aiki da shi a lokacin, majalisar dokoki guda ɗaya ce a Nijar, tana Yamai. A lokacin jiha tana da majalisar mashawarta, amma aikinta raya ƙasa ne, ba kafa doka ba. A 2020 kujerun majalisar dokoki 171 ne: 158 an raba su tsakanin jihohi bakwai da birnin Yamai, 8 na mazaɓu na musamman ne don ƙananan ƙabilu, cikinsu har da Tesker a nan jihar Damagaram, sauran 5 kuma na 'yan Nijar mazauna ƙetare, waɗanda ba a zaɓa ba a wannan rana. In aka cire Tesker, jihar Damagaram duka mazaɓa ɗaya ce mai kujeru 32, kuma jerin sunayen jam'iyya mai zaɓe yake zaɓa, ba mutum ɗaya ba. Garin ba shi da ɗansa a kowane jeri.

Mafarin matsala: 2016 zuwa ƙarshen 2018

A zaɓen 21 ga Fabrairu 2016 babu wanda ya lura akwai matsala a garin. Rajistar lokacin ba ta ɗaukar hoton yatsu, kuma an yarda wanda sunansa ke ciki amma ba shi da takardar shaida ya yi zaɓe idan mutum biyu suka shaide shi, abin da ya jawo gardama mai zafi tsakanin masu mulki da 'yan adawa. A ƙauye kowa ya san kowa, shaidu ba su wahalar samu. Wannan ne ya rufe gaskiyar cewa yawancin manyan garin ba su da takardar haihuwa.

Sabuwar dokar zaɓe ta 2017 da sabuwar hukumar zaɓe CENI, ƙarƙashin lauya Issaka Souna, suka zo da rajista ta zamani mai ɗaukar hoto da zanen yatsu. Ba a shiga ta sai da takardar da ke nuna sunan mutum da shekarunsa.

Bayan girbin 2018 daraktan makaranta ya kai maganar gaban maigari, aka kafa ɗan kwamiti na mutum shida: wakilin maigari, na'ibin liman, daraktan, ungozoma, uwar adashin mata, da wani matashi daga fadar samari mai wayar hannu. Aikinsu na farko ƙidaya ce, gida gida, cikin babban littafin rubutu na makaranta. Kowane mutum layi ɗaya: sunansa, sunan uba, sunan uwa, mace ko namiji, takardar da ke hannunsa, da inda yake zuwa cin rani. An saka duk wanda zai cika shekara 18 kafin ƙarshen 2020. Aka samu mutum 940, mata 490, maza 450. Masu wata takarda, ta haihuwa ko katin ɗan ƙasa, 310 ne kawai, kuma 230 daga cikinsu maza ne, domin mai ƙetare iyaka da shingen jami'an tsaro dole ya nemi takarda. Cikin mutum 630 da ba su da komai, 410 mata ne.

Gwajin farko: shela da tura mutane birni, Disamba 2018 zuwa Fabrairu 2019

Maigari ya sa sanƙira ya zagaya da shela, liman ya maimaita bayan sallar Juma'a: duk wanda ba shi da takarda ya je ya nema. Wanda ba a rubuta haihuwarsa cikin wa'adin da doka ta ɗiba ba, sai alƙali ya yanke masa hukuncin da zai maye gurbin takardar, kuma sai ya zo da shaidu. Ma'ana tafiyar ta mutum uku ce. Kabu-kabu zuwa da dawowa a lokacin jaka biyu ne ga kowane mutum, ban da abinci. Wasu sun je sun tarar da layi, aka ce su dawo. Matar aure kuwa ba ta yin irin wannan tafiya sai da izinin maigida da ɗan rakiya, ga shi yawancin mazan sun riga sun tafi Kano ko Legas.

Cikin wata uku mutum 46 suka samu takarda. Mata 5 ne a cikinsu.

Kotun tafi-da-gidanka: zama biyu a 2019

Kafin rajista, hukumomi sun shirya zaman kotu na tafi-da-gidanka a faɗin ƙasa. Alƙali da magatakarda da ma'aikacin rajistar haihuwa su ne ke zuwa gari, a yi hukunci a ba da takarda kyauta.

Zaman farko a garin ya zo a farkon damina. Sanarwa ta iso kwana ɗaya kafin zuwansu, ga shi an yi ruwan shuka a daren. Mutane suka watse gonaki. Waɗanda suka zo kuma, kowane ɗaya yana cin lokaci mai tsawo a gaban magatakarda, saboda abubuwa uku.

Na farko suna. Mutum an san shi da Ɗanjuma ko Tanko, mace da Ladi ko Delu, sunan yanka kuwa daban. Wani ya ba da laƙabi, ɗansa ya zo ya ba da sunan yanka a matsayin sunan uba, sai takardu biyu na gida ɗaya suka saɓa. Ga rubutun Faransanci, inda "u" ke zama "ou", "c" ke zama "tch", kuma kowane marubuci da irin hannunsa. Na biyu alkunya. Mace ba ta faɗin sunan da ya yi daidai da na mijinta ko na ɗanta na fari, Bafulatani ba ya kama sunan mahaifinsa a bainar jama'a, sai a tsaya neman wanda zai faɗa. Na uku shekaru. Tsohuwa za ta ce shekarunta talatin, alhali jikarta na goye da yaro a bayanta. A wannan zama an ba da takardu 118.

Kwamitin ya bi ta hannun maigari zuwa hakimi, daga nan zuwa magajin gari, aka nemi zama na biyu bayan an ɗaure dammunan hatsi. Wannan karon an shirya tun wata guda kafin ranar. Daraktan da malamansa biyu suka yanka ƙananan takardu, kowane mutum da tasa, ɗauke da sunan yanka, sunan uba da na uwa, duk da rubutu iri ɗaya ga 'yan gida ɗaya. In akwai mai tsohuwar takarda a gidan, rubutun da ke kanta aka bi, ko da bai yi wa ido daɗi ba, don kada a sake samun saɓani. Sunayen da alkunya ta hana faɗa, ungozoma da uwar adashi suka karɓo su a cikin gida daga bakin wasu.

Shekaru kuma aka auna su da abubuwan da kowa ya tuna. Juyin mulkin Seyni Kountché na Afrilu 1974, yunwar 1984 da ake kira El-Buhari, rasuwar Kountché a Nuwamba 1987, zaɓen Mahamane Ousmane a 1993, kisan Ba'are a Afrilu 1999, yunwar 2005, da kifar da Tandja a Fabrairu 2010. Tambayar ba "shekarunki nawa" ba ce. Ana tambaya ne ko an yi miki aure kafin El-Buhari, ko kina goyon wa lokacin. Inda aka fi taka-tsantsan shi ne matasan da ke bakin shekara 18, wato haihuwar 2002. A nan husufin rana na Maris 2006, wanda ya duhunta sararin wannan yanki, ya yi amfani: yaron da yake goye ko yake rarrafe a ranar bai kai ba, wanda yake gudu yana bin yara ne ake dubawa. Kwamitin ya ƙi ƙara wa kowa shekara, ko da iyaye sun roƙa, domin takardar za ta bi yaro har jarabawa da neman aiki.

An raba ranaku: rana ta farko babban gari, ta biyu ƙauyuka biyu, ta uku ruga da waɗanda suka makara. Mai unguwa da dattijo ɗaya suka zauna a matsayin shaidun unguwarsu gaba ɗaya. Aka ba da takardu 352 cikin kwana uku. Jimillar masu takarda ta kai 826, saura 114. Yawancin waɗanda suka rage 'yan ruga ne, domin ardo bai samu gayyata cikin kwamitin ba sai ana saura mako ɗaya, kuma samarin sun riga sun bi shanu.

Rajista: farkon 2020

An fara rajistar zamani a Oktoba 2019 da rukunin farko na jihohi. Damagaram tana rukuni na biyu tare da Maraɗi da Diffa da Yamai, wanda ya faɗo a farkon 2020, tsakiyar cin rani. Najeriya kuma ta rufe iyakokinta na ƙasa tun Agusta 2019, dawowa gida ta yi tsada da wahala. Rajista ba a yi wa mutum ita a bayan idonsa, sai ya zo da fuskarsa da yatsunsa.

Ma'aikatan suka sauka a makaranta da akwatin aiki: kwamfuta, na'urar hoto, na'urar ɗaukar zanen yatsu, da faifan hasken rana na cajin batir. Kwana biyun farko aikin ya yi ta jan ƙafa. Ƙurar hunturu ta rage cajin faifan, batir yana mutuwa kafin la'asar. Yatsun manoma da na masu daka sun yi kanta, na'urar tana ƙin karanta su. Matan da suka yi sabon lalle su ma aka yi ta maimaita musu. Wasu magidanta suka hana matansu zama gaban namiji baƙo a ɗauki hoto.

Gyaran da aka yi duk ƙanana ne. Aka sa yaro yana goge faifan da tsumma safe da rana. Aka ajiye bokitin ruwa da sabulu a bakin aji, kowa ya wanke hannu ya goge kafin ya shiga, mai busasshen yatsa a sa ya ɗan murza shi a goshi ya samu laima. Uwar adashi ta sanar a daina ƙunshi sai an gama rajista. Na'ibin liman ya bi gidajen da aka hana, ya bayyana cewa da hijabinta za a ɗauki mace, fuska kawai ake buƙata, kuma ungozoma za ta zauna a gefenta. Aka ware wa mata lokaci daga hantsi zuwa azahar, bayan daka da ɗebo ruwa. Daga ƙauyuka aka riƙa kawo tsofaffi da masu jego a amalanken shanu uku da masu su suka bayar.

Ga 'yan cin rani, matashin kwamitin ya bi lambobin waya da ke cikin littafi ya kira su ɗaya bayan ɗaya. Na kusa, irin na Daura da Maigatari da Kano, wasu sun zo sun kwana biyu sun koma. Na nesa ba su zo ba.

Da ma'aikatan suka naɗe kaya, mutum 702 ne ke riƙe da rasit ɗin rajista, mata 398, maza 304. Daraktan ya rubuta lambar kowane rasit a gaban sunan mai shi a cikin littafi.

Liƙa sunaye da rabon kati: damina zuwa kaka 2020

Jerin sunaye na wucin gadi ya fito ana tsakiyar noma. An liƙa shi, kwana uku babu wanda ya tsaya gabansa, dalili kuwa a fili yake: kaɗan ne ke iya karanta boko, kuma kowa yana gona. Lokacin kai ƙorafi ƙayyadadde ne, in ya wuce ya wuce. Sai malamai suka ɗauki jerin suka gwada shi da littafinsu layi layi. Sunaye 683 suka samu, 19 babu. Da aka bincika, yawancinsu sun faɗa jerin wani gari mai suna iri ɗaya a cikin gundumar, abin da ba baƙo ba ne a ƙasar da ake sa wa gari sunan wanda ya sare shi.

An kai ƙorafi da rasit a hannu, aka dawo da 14. Sauran biyar rasit ɗinsu ya ɓata, wani gara ta cinye, wani ruwa ya jiƙa, kuma lambar da ke littafin darakta ba ta isa hujja ba kafin wa'adi ya cika. Jerin ƙarshe ya tsaya a 697, mata 396, maza 301, a rumfuna biyu duk cikin harabar makaranta: ta ɗaya mutum 352, ta biyu 345.

Wajen rabon kati wata matsala ta ɓullo. Wasu masu yi wa jam'iyyu aiki suka fara bin gidaje suna cewa a ba su katunan tsofaffi da na mata su ajiye kada su ɓata, wasu har da ɗan sabulu ko gishiri. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar a nan ita ce mutane ba su san kati na mai shi ne shi kaɗai ba. Maigari ya tara wakilan duk jam'iyyun da ke garin a ƙofar gidansa, ya ce duk katin da aka gani a hannun wanda ba mai shi ba, zai kai maganar gaba ko na wace jam'iyya ne. Aka mayar da waɗanda aka karɓa. Zuwa jajibirin zaɓen ƙananan hukumomi na 13 ga Disamba an karɓi katuna 641, saura 56, kusan duka na 'yan cin rani.

13 ga Disamba 2020: zaɓen ƙananan hukumomi da na majalisar jiha

Wannan zaɓe shi ne irinsa na farko tun Janairu 2011, kuma ya zo mako biyu cif kafin na 'yan majalisar dokoki. Shi ma akwati biyu ne a kowace rumfa.

Ƙa'ida a buɗe da ƙarfe 8 na safe. Motar da ta ɗauko kaya ta kafe a rairayi, ba a fara ba sai 10:40. Matan da suka fito da sassafe cikin sanyi suka gaji suka koma ga girki, da yawa ba su dawo ba. Rumfunan biyu suna kallon juna, babu mai nuna wa mutum tasa, sai ya kai gaban teburi bayan doguwar jira a ce ba nan sunansa yake ba. Daga ƙauye mai nisa wata jam'iyya ta aiko da mota, waɗanda ba 'yan jam'iyyar ba suka ƙi hawa don kada a ce sun sayar da kansu. Dare ya yi ana ƙirga da hasken waya.

Mutum 391 suka yi zaɓe cikin 697, maza 204, mata 187. A akwatin majalisar jiha ƙuri'u 58 suka lalace, kusan 15 cikin ɗari. Tun da a bainar jama'a ake ƙirga, 'yan kwamitin sun tsaya sun ga irin lalacewar: wasu sun zaɓi jam'iyya biyu a ƙuri'a ɗaya, wasu sun ɓata takardar da tawada, wasu sun jefa ba su zaɓi kowa ba, wasu kuma sun saka takardar wannan akwati a cikin wancan.

Kwana goma sha huɗu na tsakani

Washegari kwamitin ya zauna, ardo na ciki a wannan karon. Ba a nemi kuɗi daga kowa ba.

Abin da ya fi cin lokaci shi ne gwajin zaɓe. Aka samo kwali biyu aka huda bakinsu, aka yanka takardu aka zana musu alamomin da ba na kowace jam'iyya ba: ƙwarya, tulu, fartanya, rariya. Da gangan aka guje wa alamomin gaske, domin da an yi amfani da su, gwajin ya zama yaƙin neman zaɓe kuma rabin gari ya ƙaurace. Uwar adashi da ungozoma da 'yan mata biyu da suka yi makaranta suka bi gidaje goma sha ɗaya, inda matan unguwa ke taruwa bayan la'asar. Kowace mace sai ta yi da hannunta daga farko har ƙarshe: ta nuna kati, ta karɓi takarda, ta shiga bayan zana ita kaɗai, ta zaɓi abu ɗaya, ta bar tawada ta sha iska kafin ta ninke, ta jefa a kwalin da ya dace, sannan ta dawo ta karɓi ta biyu. An nanata maganar tawada saboda takardar zaɓen shugaban ƙasa, mai ɗauke da 'yan takara 30, inda ɗanyen tabo ke iya mannewa a gidan wani idan aka ninke da gaggawa. Wadda ta kuskure sai a yi dariya a sake ba ta. Maza aka yi musu nasu sau biyu a ƙofar masallaci, amma da yawa sun tsaya kallo ne kawai, girman kai ya hana su gwadawa.

Sauran gyare-gyaren na tsari ne. Maigari ya roƙi a kawo kayan zaɓe tun ranar Asabar su kwana a makaranta ƙarƙashin tsaro, ya kuma tura samari da shebur su jira motar a wurin da ta kafe. Aka rubuta 1 da 2 da gawayi, manya manya, a bangon azuzuwan, aka shirya ɗalibai biyu su tsaya a bakin harabar, nesa da rumfa, su duba kati su nuna wa mutum layinsa. Amalanken da suka yi aikin rajista aka sake nema, aka sanar cewa na gari ne, babu tuta babu hoto. Aka aro fitilu huɗu masu cajin rana. Daraktan ya tuna wa wakilan jam'iyyu su zo da takardar wakilcinsu, su kuma tsaya har a cike takardar sakamako.

Ranar 16 ga Disamba Najeriya ta sake buɗe wasu iyakokinta, har da ta Maigatari. An sake kiran 'yan cin rani. Kaɗan suka zo.

27 ga Disamba 2020

An buɗe rumfuna da ƙarfe 8:20. Sanyi ya hana cunkoso da safe, layin ya cika ne daga hantsi. Mata da layinsu, maza da nasu, ana shigar da su bi da bi, tsofaffi da masu ciki a gaba. Amalanke sun yi sawu uku daga ƙauye mai nisa. Aka rufe da ƙarfe 7 na yamma da 'yan mintuna, bayan na cikin layi sun gama.

Ƙirgar tana da tsari, kuma a nan rumfuna da yawa ke tuntuɓe. Kafin a buɗe akwati ana ƙirga waɗanda suka sa hannu ko suka dangwala a jerin sunaye. Sannan a ƙirga abin da ke cikin akwati ba tare da an duba wa aka zaɓa ba. Lambobin biyu su yi daidai. Bayan nan a ware lalatattu, a raba sauran jam'iyya jam'iyya, kuma ƙuri'un jam'iyyu duka tare da lalatattu su koma daidai da adadin farko. A rumfa ta ɗaya mutum 272 ne, komai ya daidaita. A ta biyu 266 suka sa hannu, amma akwatin 'yan majalisa ya ba da 264. Gardama ta fara tashi, wani wakili yana cewa an zare biyu. Shugaban rumfar ya dakatar da cike takarda har aka ƙirga akwatin shugaban ƙasa, aka tarar da 268, biyu daga ciki na 'yan majalisa ne. Aka sa su cikin lalatattu, aka rubuta bayanin a takardar sakamako, wakilai suka sa hannu, kowa ya kwafi lambobin.

Mutum 538 suka yi zaɓe, mata 327, maza 211. Ƙuri'u 17 suka lalace a akwatunan 'yan majalisa, kusan 3 cikin ɗari, masu kyau 521.

Inda ƙuri'un suka tafi

A tsarin lokacin, daga rumfa sakamako yana zuwa hukumar zaɓe ta ƙaramar hukuma, ya hau har Yamai, inda CENI ke ba da sakamakon wucin gadi, Kotun Tsarin Mulki kuma ta tabbatar. Jam'iyyar da ba ta kai 5 cikin ɗari ba ba ta shiga rabo. Ana raba ƙuri'u masu kyau da yawan kujeru a fitar da kuɗin kujera ɗaya, kowace jam'iyya ta ɗauki iya abin da ƙuri'unta suka saya, kujerun da suka rage kuma a ba mai matsakaici mafi girma.

Ga misali da lambobin ƙirƙira, don a ga lissafin kawai. A ce ƙuri'u masu kyau 960,000 ne, kujeru 32, kujera ɗaya ta kama 30,000. Jam'iyya mai 315,000 ta samu 10, mai 86,000 ta samu 2. In kujera ɗaya ta rage tsakaninsu, sai a raba ƙuri'un kowace da kujerunta haɗe da ɗaya: ta farko 315,000 a raba 11, ya ba da 28,636, ta biyu 86,000 a raba 3, ya ba da 28,666. Ƙaramar ta ɗauka. Da babbar ta ƙara ƙuri'a 400 kacal, da kujerar tata ce. Ƙuri'un gari guda ba su kai ko kusa da kuɗin kujera ba, amma sun kai girman tazarar da ke yanke kujerar ƙarshe.

Jam'iyyar PNDS-Tarayya ce ta fi kowa kujeru a ƙasa, sabuwar majalisa ta zauna a Maris 2021 ta zaɓi Seini Oumarou shugabanta.

Abin da ya yi aiki da abin da bai yi ba

Tsakanin 13 da 27 ga Disamba masu zaɓe sun ƙaru da 147, kuma 140 daga cikinsu mata ne. Ba za a jingina wannan duka ga kwamitin ba, domin zaɓen shugaban ƙasa yana jan jama'a fiye da na kansiloli, balle a Damagaram inda ɗan jihar, Mahamane Ousmane, yake takara. Amma da jan hankalin takara ne kaɗai, da maza ma sun ƙaru sosai, ga shi mutum 7 kawai suka ƙaru. Buɗe rumfa a kan lokaci, layin mata, da amalanken da ba na jam'iyya ba su ne suka fi dacewa da wannan bambanci. Faɗuwar lalatattun ƙuri'u daga 58 zuwa 17, duk da ƙaruwar sababbin masu zaɓe, ita ce aka fi iya danganta wa gwajin kwali kai tsaye.

Shela ba ta tsinana komai ba a duk inda aikin ke bukatar kuɗin mota ko izinin maigida. Zama biyu na kotun tafi-da-gidanka sun nuna cewa kawo alƙali gari ma bai isa ba: alƙali ɗaya, gari ɗaya, amma 118 a zaman da ba a shirya ba, 352 a wanda aka shirya. Littafin darakta kuwa shi ne ya riƙe aikin daga farko har ƙarshe. Ba don shi ba da babu wanda zai san sunaye 19 sun ɓace. Kuskurensa ɗaya, an rubuta lambobin rasit amma an bar takardun a hannun masu su ba tare da ko ledar da za a naɗe su ba.

Mutum 243 daga cikin 940 ba su taɓa shiga jerin ba: 114 ba su samu takarda ba, 124 suna da takarda amma rajista ta wuce suna cin rani, 5 kuma rasit ya ɓata. Na 'yan ruga laifin kwamitin ne, da ya tuna da ardo bayan shekara guda. Na 'yan cin rani ya fi ƙarfin gari, tun da ba maigari ke tsara watan da za a yi rajista ba, kuma kiran waya ba ya biya wa mutum kuɗin mota daga Legas.

Majalisar da aka zaɓa ba ta cika wa'adinta na shekara biyar ba. Juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ya rushe ta, a Afrilu 2024 aka rushe majalisun ƙananan hukumomi da na jihohi, a Maris 2025 kuma aka rushe jam'iyyun siyasa. Katunan zaɓe suna cikin gwangwanaye da ƙasan akwatuna. Takardun haihuwar su ne ake ta fitarwa, wajen yin katin ɗan ƙasa da wajen tafiya. An canja wa daraktan wurin aiki, ya bar littafin a gidan maigari, kuma ba a ƙara layi ko ɗaya a cikinsa ba tun 2020. Yaran da suke da shekara 13 a lokacin sun cika 18 a 2025, babu sunan ko ɗayansu a ciki.